Daidai da Keken Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yayana.

Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da Anti da jaririyarku da har yanzu ban gani ba sai a hoto. Allah Ya raya ta, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta a garejin da kake. Mu ma muna nan da godiyar Allah. Umma tana zuwa shagon ɗinki kamar kullum, sai dai idonta ya fara ba ta wahala, ni nake zura mata zare a allurai kafin ta fita. Auta ya wuce aji na gaba, ya kere ni a tsawo, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Baffa yana leƙo mu kusan kowace safiya kafin ya wuce wurin aikinsa.

Ka san ni da waya. Idan ka kira aka miƙo mini, daga lafiya lau ba na iya ƙara komai. Ga Umma tsaye a kaina, ga Baba yana ji daga ɗaki, kuma tuni ya kafa doka cewa kada wanda ya ɗaga maka hankali. Shi ya sa na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Maganar Tsohuwa ce, motar Baba. Na san ba ka manta ranar da ka yanke mata sifirin, ƙarfen da ke ɗaga jikinta, ta kwanta ƙasa ba, don kawai ka ga irin haka a wajen abokanka. Ina ƙarama amma ina tuna yadda Baba ya bi ka har bakin titi da guntun katako a hannu, yana cewa motar da ya riƙe tun kafin a haife ka ka mayar masa da ita ƙadangaruwa. Yaran layinmu suka sa mata suna Ja-ciki, har yau da shi suke kiranta. Bayan tafiyarka Baba ya faɗo daga rufin da yake bugawa, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, wannan duk ka sani. Abin da ba a taɓa gaya maka ba shi ne, wannan ɓarnar da ka yi ita ta riƙe Baba tun daga lokacin.

Da aka sallamo shi daga asibiti ya rantse ba mai ƙara ɗaga shi. Ya ce a can an juya shi an ɗauke shi an ajiye kamar buhun siminti, ya ishe shi har ƙarshen rayuwarsa. Ko Umma ba ya bari ta sa masa hannu a hammata. Daga gado zuwa keken guragu da ƙarfin damtsensa yake tafiya, ka san hannun kafinta. Abin da ya rage shi ne yadda zai riƙa komawa asibiti. Wata safiya ya tura kekensa kusa da Tsohuwa, ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya yana kallo, sai ya fashe da dariya. Doguwar kujerar nan tata ta gaba ta yi daidai da mazaunin kekensa, kamar an auna. Ƙofarta kuma ka san faɗinta, keken yana shiga har ya manne da kujera. A ranar ya sa na kawo masa wani falankin katako mai kyau, ya fere bakinsa, ya goge shi har yana ƙyalli. Sai ya ɗora gefe ɗaya a keke, ɗaya a kujerar mota, ya zame a kai da hannuwansa ya shige. Aikina kawai in danne keken kada ya motsa, in ya zauna in ɗago masa ƙafafun in saka ciki. Baffa ya ja mu. A hanya Baba ya ce ashe wawan yaron nan likita ne bai sani ba, amma kada wanda ya gaya maka, don kanka da ma ba ƙarami ba ne.

Haka muka yi ta yi lafiya har aka zo gyaran titinmu. An zuba sabuwar kwalta, kowa ya yi murna, sai kuma aka bi ta da tudun nan na rage gudu, ɗaya a kowane bakin layi, wani a gaban makarantar su Auta, duk masu tsayi kamar kunyar gona. Ba ta inda za mu fita ba mu hau ɗaya ba. Ran farko da Tsohuwa ta hau, ƙarar da cikinta ya yi har a haƙorana na ji ta. Baffa ya koma hawa a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Daga baya sai ni da Auta mu sauka don a rage nauyi, mu shimfiɗa katakai gaban tudun, masu motocin baya suna ta danna mana oda, wani ya leƙo ya ce mu ɗauke ta a ka mana mu tsallake da ita. Ni dai ƙasa nake kallo. Duk da haka wata rana muka dawo muka ga baƙin mai ya biyo mu a titi tun daga bakin layi har ƙofar gida, kaskon da ke ƙarƙashin injin ya tsage. Aka liƙe, ya sake tsagewa.

Ka san Baffa bai taɓa son kwanciyar motar nan ba, kullum cewa yake wannan aikin yara ne. Ba tare da ya yi shawara da kowa ba ya kai ta wurin wani bakanike ya ce a ɗaga ta. Aka cire guntayen sifirin ɗinka aka sa mata dogaye na wata mota. Ya dawo da ita tana tsaye ƙiƙam kamar an ba ta tsoro, yana ta murna, ya ce ko tudu goma aka jera za ta haye. Da niyyar alheri ya yi, Yaya, kada ka riƙe shi. Shi dai tudun ya gani, ya manta da keken. Washegari da Baba ya ɗora falankinsa sai ya zama hawa, ba shimfiɗa ba. Umma ta ce a bari a sake dubawa, ya ce a'a. Ya cije, ya tura, ya kai rabi, sai ya zamo baya. Na danne keken iya ƙarfina amma falankin ya goce, Baba ya faɗi a ƙasa a ƙofar gida, ga mai shagon da ke kallonmu, ga mata masu wucewa kasuwa. Mutane suka rugo, ya daka musu tsawa ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Da gwiwar hannu ya ja jikinsa zuwa dakali, daga dakali ya hau keke. Rigarsa duk ta yi ƙasa. Ban taɓa ganin Baffa yana hawaye ba sai ranar.

Bayan haka ne aka kawo mai walda, wani siririn mutum mai ƙonannun yatsu da ake kira Tartsatsi. Baba ya ce a tsakar gida za a yi aikin, a gabansa, ba za a ƙara kai masa mota wani wuri a dawo masa da raƙumi ba. Tartsatsi ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito ya ce ya gane abin da ake so: jikinta ya zauna a ƙasa yadda yake, cikinta ne kawai zai tsuke ya hau sama. Ya nuna mana wani ƙaton ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin injin, yana da kunnuwa dama da hagu, a nan ƙafafun gaba suke ɗaure da jikin motar. Ya ce tun da ka kwantar da ita waɗannan kunnuwan su ne suka fi komai kusa da ƙasa, su suke fara cin tudu. Zai mayar da guntayen sifirin ɗinka, sannan ya yanke kunnuwan ya ɗaga su sama ya sake liƙa su, ya kuma sa wa kaskon mai faranti ya kare shi. Ya ɗauki igiya ya auna daga mazaunin keken zuwa ƙasa, ya ƙulla, ya ba ni ya ce in riƙe, ita ce alƙali.

Yaya, da ka ga Baba a kwanakin nan. Tun da safe yake aske gemunsa ya fito, ya kafa kekensa a inuwar katanga, yana ba da umarni a aikin da ba nasa ba. Shi ya yanka wa Tartsatsi samfurin kunnen da katako don dama da hagu su zo ɗaya. Kullum sai sun yi faɗa. Baba ya ce masu ƙarfe ba su san awo ba, komai da guduma suke lallashinsa, Tartsatsi ya ce su kafintoci ai in sun yi kuskure sai su hura wuta da shi a rasa shaida. Da Baba ya ji ana kiran abin ƙafar mota, sai ya ce ashe ciwonsu ɗaya da Tsohuwa, in an gama da tata a zo a duba tasa. Tartsatsi ya ce ai Baba ma tsohon yayi ne, an daina kawo kayan gyaransa. Har Umma sai da ta yi dariya daga kicin. Ni nake kai musu ruwa, ina kare idona daga hasken waldar, raina fari ƙal.

Gefen dama ya tafi lafiya. Da aka zo hagu, Tartsatsi ya sa abin yanka sai ya tsaya, ya kira Baba ya matso. Ƙarfen daga waje lafiyayye, da fentinsa, amma cikinsa tsatsa ta cinye, yana taɓawa yana zubowa kamar busasshen ganye. Duk inda ya ɗora wuta sai wurin ya huje. Ya ce gaskiya ba ya son wannan gefen. Baba ya ce ya yi faci, shi ma da faci yake zaune. Aka yi faci a kan faci har ya kama. Da aka sauke ta daga jak na kawo igiyar, ta zo daidai da ƙullin. Baba ya so ya shiga a yi gwajin da shi, Tartsatsi ya roƙe shi ya bari su fara zagayawa shi da Baffa. Muka fito ƙofar gida muna kallo. Ta nufi tudun bakin layi, ta hau, ta sauka, ko ƙis ba mu ji ba. Auta ya yi ta tsalle, mai shago ya tafa, Baba ya bugi hannun kekensa ya ce yauwa 'yar gari. Suka sha kwana suka ɓace mana.

Da igiya aka jawo ta gida. Baffa ya ce tun a tudun farko ya ji sitiyarin ya fizge a hannunsa, ya yi shiru don kada ya ɓata murna. A gaban makaranta kuma, suna sauka daga tudun, kunnen hagu ya ɓalle da facin da komai, tayar ta lanƙwashe ta shige ciki. Allah Ya sa a hankali suke tafiya, kuma yara suna aji. Tartsatsi ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce babu sauran inda wuta za ta kama, sai dai a samo gaban wata mota irinta sukutum a dasa. Ya zaga duk inda ake yanka tsofaffin motoci, wasu ma dariya suka yi masa, suka ce irinta ta ƙarshe da suka gani an daɗe da narkar da ita. Wani mai tara tsofaffin motoci ya ji labari ya zo da ƙaton tabarau, ya leƙa ƙarƙashi ya girgiza kai, ya ce an kashe ta da yanka, amma yana son fitilun gaba da sitiyarin. Baba ya ce masa ba a cire wa mara lafiya ido tun yana numfashi. Wannan ita ce maganar Baba ta ƙarshe da ta ba ni dariya.

A duk tsawon wannan lokaci bai je asibiti ba. Akwai wani ƙurji da zama ya jawo masa a ƙasan baya, da can ana wanke masa shi duk zuwa, ya kusa rufewa. Da zuwan ya tsaya sai ya buɗe. Wata ma'aikaciyar jinya a bayan layinmu ta zo ta duba sau da dama, daga baya ta ja Umma gefe ta ce wannan ya wuce aikin gida. Aka kawo tasi, Baba ya dubi tsayin kujerar ya juya kekensa ya koma ɗaki. Sai na ɗauki igiyar nan na ja Auta muka tafi inda masu tasi suke tsayawa. Ka san yadda nake da baƙin mutane, amma na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su buɗe mini ƙofa in auna kujera. Wani ya tambaya ko riga zan ɗinka mata, wani ya ce in auna shi ma ko zai samu hula. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na gama layin. Yawancinsu sun yi tsayi. Guda ɗaya ta kusa, mai ita ya biyo mu gida don tausayi, sai ƙofarta ta ƙi buɗewa yadda keken zai matsa, tazarar ta fi ƙarfin falankin.

Zazzaɓi ya shigo. Ɗakin ya fara wani wari da turare ba ya rufewa. Umma ta roƙe shi, Baffa ya durƙusa masa, Baba ya ce su jira, za a samo gaban motar. Wata safiya da jikinsa ya yi zafi har yana sambatu, Umma ta ce ita kam ba za ta zauna tana kallo ba, in zai tsine mata ya tsine da ransa. Ta kira Baffa da mai shago. Ɗaya ya kama ta hammata, ɗaya ta ƙafafu, suka ɗauko shi. Mun ɗauka bai san inda yake ba, amma da suka zo tsakar gida, daidai inda Tsohuwa take a kan duwatsu, na ga idonsa a buɗe, sarai. Bai yi tsawa ba. Ya dube ni, sannan ya rufe ido.

An riƙe shi a asibiti na wani lokaci. Likita ya ce an makara, ciwon ya yi zurfi, watakila sai an yi aiki, kuma ko an yi zai daɗe. Yanzu ya dawo gida, ana kai shi wankin ciwon a kai a kai, a tasi. Abin da ya sa na kasa barin biron nan shi ne yadda ake kai shi. In Baffa da mai shago suka yi sallama, kafin su ƙaraso gadon, Baba da kansa yake ɗaga hannuwansa sama, yadda jariri yake yi in ya ga mai ɗaukarsa. In sun ajiye shi ya ce sannunku, Allah Ya saka da alheri, ya kuma ba su haƙuri a kan nauyinsa. Umma tana cewa alhamdu lillahi ya yi sauƙin kai, maƙwabta suna cewa ya rungumi ƙaddara. Kowa ya samu sauƙi. Ni kuwa wannan mutumin mai ladabi ban san shi ba. Ya daina aski. Ya daina motsa hannuwan da yake yi da safe yana riƙe da bulo. Ko daga gado zuwa keke yanzu jira yake a zo. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ce ya ƙoshi, na gode. Jiya Auta ya bar zarton Baba a cikin ruwan wanke-wanke, a gabansa, na tsaya ina jiran gidan ya ɗauka, sai ya ce ba komai.

Tartsatsi ya ce in tambaye ka ko a can inda kake ana samun gaban irin motar nan, tunda kana cikin masu ƙarfe. Na tambaya don na yi masa alkawari, amma ni ban sa rai ba. Ko an samu, yaya za a yi ya iso nan, kuma wa zai hau falankin? Ranar da Tartsatsi ya zo gaishe da Baba na ga ya kalli damtsensa, yadda fatar ta saki, sai ya kau da kai ya shiga maganar zafin gari. Ba na ce ka baro aikinka ba, na san kai ma da nauyi a kanka, kuma kada ka ce mana kana nan tafe in ba da gaske ba ne, don Umma tana riƙe irin wannan maganar fiye da yadda kake zato.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka kira Baba, shi kaɗai, amma kada ka tambaye shi jiki, kowa jiki yake tambayarsa. Ka ja shi da faɗa. Duk gidan nan kai kaɗai ka iya tayar masa da jijiyar wuya. Ka ce masa aikin katako ba sana'a ba ce, ko ka ce da ma motar tasa ba ta taɓa yin kyau ba, duk abin da ka san zai ƙona masa rai. Zan tsaya a bayan labule in saurara. In ya zage ka, wallahi zan yi azumin godiya. In kuma ka gama ya ce maka ba komai, Allah Ya yi maka albarka, to ka ji da kunnenka abin da na kasa faɗa maka a waya.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina gode mata da mayafin, na adana shi ban fara sawa ba. Ka sumbaci jaririya a goshi a madadin gwaggonta. Ka gaishe da abokin zamanku mai dariyar nan da muke jiyowa in ka kira. Umma da Baffa da Auta ba su san na rubuto ba, amma na san da sun sani da sun ce a gaishe ku, don haka na gaishe ku da bakinsu. Ka sa Baba a addu'a, mu ma ka sa mu. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
'Yar Shiru